Bargon 'Yar Fari

Ƙarshen zafi ne, bayan alhazai sun watse, lokacin da Makka take komawa hannun mazaunanta. A shekarar nan zafin ya ƙi sauka. Mun dawo daga aikin Arfa da ƙafafu a kumbure, ni da sauran matan da ake ɗauka girki a tantunan alhazai, muna cewa yanzu za mu huta, sai hutun ya zama zaman gumi. Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ta gurnani a bango, iskar da yake fitarwa ba ta da maraba da ta waje. Ga maganar rushe-rushe tana yawo a unguwarmu Tandabawi, yau a ce layin can za a taɓa, gobe a ce ƙarya ne. Kowa yana tafe da ransa a tsaye.

Ni abin da yake raina daban ne. 'Yata ta fari tana da ciki, cikin fari, ya tsufa, kuma bisa al'ada gida za ta dawo ta haihu a ɗakina, in yi mata wankan jego. Na share ƙaramin ɗakin da muke zuba tarkace. Na sayi babbar tukunyar dafa ruwan wanka na ajiye ta a bayan ƙofa. Ban gaya wa kowa ba, balle ita.

A rubuce ne nake iya cewa 'yata. Na tashi a wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi a Sudan, inda iyayenmu suka yada zango a hanyar hajji suka kama noman auduga, zangon ya zama gida. Ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakin mahaifiyarmu ba. Ko yana zaune a ɗakin sai ta ce, "A gaya wa wancan abinci yana nan." Babu wanda ya taɓa cewa ba ta sonsa. Haka na gani, haka na ɗauko na haye teku da shi bayan an yi mini aure. Da na haifi tawa aka sa mata sunan mahaifiyar maigidana, kunya ta zama biyu. Larabawan da muke maƙwabtaka da su suka fara kirana uwar wance, da sunanta, kamar yadda suke yi a tsakaninsu. Na dinga sunkuyar da kai kamar ban ji ba, har suka gaji suka koma Hajiya.

Yayar maigidana ce ta riƙe ta. Allah bai ba ta haihuwa ba, ɗakinta yana jikin namu, ana yaye yarinyar ta ɗauke ta. Ita ce mai kitso, ita ce mai rarrashi, ita ce mai zuwa makaranta in an kira iyaye. Yarinyar ita take kira Inna, ni kuma Hajiya, kamar kowa. Innar nan ta rasu bayan bikin yarinyar da 'yan watanni. Na yi kukan rashinta, amma ban zauna na yi tunanin wane aiki ta tafi ta bari ba.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar sama ta yi ja, sannan ta yi baƙi. Iska ta taso irin wadda tsofaffin unguwa suka ce ba su taɓa gani ba. Ta ɗauki kwanon rufi tana yawo da shi kamar takarda, ta tuge allunan shaguna, ta hankaɗo tankunan ruwa daga saman benaye. Namu ma ya faɗo a bayan gida ya tsage. Sai ruwa ya sauko. Ƙasar Makka dutse ce, ba ta shan ruwa, abin da ya zubo a sama duk ƙasa zai nufa. Mu gidanmu a kan dutse yake. Ina tsaye a taga na ga matakalar unguwa, wadda muke hawa kullum muna haki, ta zama kogi ja, yana tafe da kujeru da kwandunan shara da wata ƙaramar mota da yake juyawa kamar ƙwarya. Sail kenan, yadda ake kiransa a nan.

'Yata kuwa a gindin dutsen take, a ƙasan wani bene da sai an sauka 'yan matakala kafin a kai ƙofarsa. Mijinta direban bas ne, ranar yana hanyar Jidda.

Waya tana hannuna. Ban taɓa kiranta ba, ita ce take kiran mahaifinta, ni in ji labari a gefe. Na juya na ce wa maigida, "Ko mutanen ƙasa suna lafiya?" Ya gwada, babu layi. Ya naɗe wandonsa ya fita ruwan bai gama ɗaukewa ba. Ya kamata in bi shi a lokacin. Sai na ce wa kaina zuwa hannu wofi ba shi da amfani. Na kunna wuta na dama kunun gyaɗa na zuba a fulas, na ɗauko ɗaya daga cikin barguna biyun da na zo da su daga Sudan, na ninke. Ban yi gaggawa ba. Ina jin kada mata su gan ni ina gudu a kan 'yar fari.

Kafin in sauka an yi magariba. An tara mutanen ƙasa a harabar masallaci, maza a waje suna ta jan igiya da ɗaga motoci, mata a rumfa. Tun daga bakin ƙofa na hango ta. Tana zaune a kan dandamali ta jingina da bango, abaya ta manne mata a jiki, laka har ƙirji, kanta babu ɗankwali, ta rungume cikin da hannu biyu. Haƙoranta suna haɗuwa. Na yi hamdala a zuciyata.

Rumfar a cike take, duk idon da na sani a unguwa yana nan. Ƙafata ta kai ni har gabanta, ta tsaya. Na kalli bango na ce, "Sannunku da wannan abu. Allah ya kiyaye gaba." Matan suka amsa. Ita ta ɗago kai tana kallona.

A gefenta akwai wata baiwar Allah 'yar Burma, cikin masu sayar da kayan miya a bakin titi. Ita na miƙa wa bargon, na ce da ɗan Larabcina, "Ga wannan, ko da mai jin sanyi." A garinmu duk macen da aka miƙa wa bargo a gefen 'yar farin mutum ta san aikinta: za ta juya ta lulluɓa mata, har ta ƙara da zolaya. Wannan ta karɓa da hannu biyu, ta yi mini addu'a mai tsawo, ta lulluɓe yaranta. Ba laifinta ba ne, su ma a jiƙe suke suna karkarwa. Na tsaya ina kallon bargon a jikin yaran. Ina zan ce a cire? Kunun ya zaga a kofi, da ya zo wajen 'yata ta girgiza kai.

Ana haka sai ga uwar mijinta daga unguwar Zahir, wani ɗanta ya ratso ruwa da ita a doguwar mota. Haifaffiyar Makka ce, kakanninta ne suka zo daga ƙasar Hausa, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba. Tun daga ƙofar masallaci take kiran sunan yarinyar da ƙarfi. Ta faɗa kanta ta rungume ta da lakar da komai, tana sumbatar goshinta tana cewa, "Ya binti, ya ruhi," wato 'yata, raina. Ta cire mayafinta ta naɗe ta da shi. Sai a lokacin yarinyar ta fashe da kuka.

Matar ta juyo ta gan ni. "Hajiya, tun yaushe kike nan?"

Na ce, "Ban daɗe ba."

Ta kalli hannuna, babu komai sai fulas. Suka tallafi yarinyar zuwa mota. A bakin ƙofa ta waiwayo sau ɗaya, ni kuma, saboda mata suna kallo, na sunkuya ina tattara kofuna.

Kwanakin da suka biyo baya na aiki ne. Motocin baladiyya, hukumar gari, suka zo suna zuƙe ruwa daga ƙasan benaye, manyan motoci suna kwashe laka da mushen kuliyoyi da katifun da suka mutu. Masu sa kai suka shigo da riguna masu ƙyalli, suna raba kwalaye: shinkafa, mai, madara, dabino. Wasu iyalan aka kai su ɗakunan haya su zauna kafin gidajensu su bushe. Waɗanda takardun zamansu suka mutu kuwa ba sa son tsayawa a layi, sai suka hauro wajenmu a kan dutse, kowane gida ya ɗauki abin da zai iya. Mu matan Arfa muka fito da manyan tukwanenmu na aikin hajji muka kafa murhu a fili. Shinkafa da wake da rana, tuwo da miyar kuka da yamma. Ni ce a kan tukunya tun safe.

Har ƙofar gidana aka ajiye kwali, alhali ko ɗigo bai shiga ɗakina ba. Na ɗauke shi a kai na sauka da shi. Ɗakina a bushe, darduma a shimfiɗe, katifata lafiya, sai na ji ina kunyar a leƙo a gani. Mata suka fara ce mini Hajiya uwar kowa. Duk sanda aka faɗa sai in ji kamar an taɓa mini gyambo. Kullum nakan zuba abinci a kwano mai murfi in ba maigida ya kai Zahir kafin ya wuce wajen tsirensa. In ya dawo ba na tambaya, shi ne zai ce, "Sun ce sun gode." Ban san ko ya ce daga wajen wa ba. Na san dai ni ban ce ya faɗa ba.

Makullin kwaɗon da aka sa a ƙofar 'yata yana hannunsa, na karɓa. Bayan an sauke tukunyar rana sai in zame in sauka. Ruwan ya bar zane a bango daidai ƙirjina. Firij ya kife, kujeru sun kumbura, wari kamar na tsohuwar rijiya. Na kwashe laka da faranti, na wanke tukwanenta ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin gado na sami akwatin kayan jariri, laka ta cika shi har baki: 'yan riguna, 'yan huluna, safa kamar ta 'yar tsana. Ban san ta tara su ba. Da wa ta je kasuwa? Na hau da su gida. Tankinmu a fashe, sai na dinga ɗebo ruwa a jarka daga motar ruwa, na wanke da ruwan zafi da sabulu, na maimaita har farin ya dawo. Na goge su, na turara su da turaren da nake haɗawa irin na Sudan, na mayar cikin akwatin na ajiye a kan teburinta.

Wata yamma mijinta ya hauro gaishe ni. Yaro ne mai ladabi, ya durƙusa a bakin ƙofa, ni ina daga ciki. Bayan jaje ya yi ta juya makullin mota a hannu.

"Hajiya, ya'ani, Ummi ta ce tunda abin ya zo haka, ta zauna can ta haihu. Asibiti kusa, kuma babu hawan dutse." Ban tambaya ba, shi ya ƙara da kansa, "Ita ma haka ta zaɓa. Ma'alesh, Hajiya, a yi haƙuri."

Na ce, "Madalla, hakan ya yi. Allah ya raba lafiya."

Da ya tafi na ƙara tura tukunyar wankan can bayan ƙofa, na ɗora tsumma a kanta.

Bango ɗaya ne tsakanina da wata tsohuwa 'yar Maraɗi da muke kira Iya, mai sayar da tsabar tattabaru a hanyar Harami kafin gwiwa ta zaunar da ita. Ta ji komai. Ta buga bangon da sandarta, na je.

"Mi kika ce wa yaron nan? Madalla?"

"To me zan ce, Iya?"

"An ba ni labarin bargo. Da ina wurin da na fizge shi na lulluɓa wa ɗiyar, in bi ki da zagi don mutane su yi dariya. Amma ba ni wurin, gwiwa ta hana. Innarta ma ba ta wurin." Ta gyara zama. "Ni na yi kunyar ɗan fari har ya yi furfura. Amma shi kakanninsa duka suna raye, ga gwaggwanni, har ya gaji da hawa cinya. Kunyar nan a gida aikin gayya ce, ke ki kau da kai, dangi su rungume. Nan da kika kau da kai wa kika bari ya rungume?"

Na ce, "Iya, ke ki aika mata, ki faɗa mata yadda abin yake."

"Ni da nike jiran kira? In na faɗa mata yau, gobe aka kai ni maƙabartar Shara'i, wa za ki aika?"

"Bakina ba zai iya ba."

"Bakin da ke rage kuɗin tumatir wajen Balarabe har ya yi rantsuwa? Tashi ki ba ni wuri, kin tare mini iska."

Na yi dariya don ta yi, na dawo ɗaki ban sauya komai ba.

Bayan 'yan kwanaki ina ɗakin 'yata ina kankare bango, sai na ji tsayuwar mota. Mijin ya sauke ta ta duba abin da zai ɗauku, shi ya wuce neman mai gyaran wuta. Ta sauko matakalar a hankali tana dafe da bango. Cikin ya ƙara sauka. Mu biyu ne kawai, abin da ban tuna ranar da ya taɓa faruwa ba.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya. Ya jikin mutane?"

"Alhamdulillah."

Ta zaga ɗakin da ido, ta ga tukwane a jere, ta ga akwatin. Ta buɗe, ta ɗauki 'yar riga ta kai hanci. Ta daɗe a haka.

"Wa ya wanke?"

Na ce, "Mutanen unguwa."

"Mutanen unguwa da turarenki." Ba ta ɗaga murya ba. Hausarta tana fita a hankali, tana cike gurbi da Larabci. "Kwanon da Baba yake kawowa ma na san hannun. Na san kina yi, Hajiya. Tun ina yarinya na san wa yake saka mini sabon takalmi a ɗakin Inna. Amma kullum a bayana kike yi. Bargon nan na ranar, na wa kika kawo?"

Amsar tana bakina. Kalma ɗaya ce. Na kalli bangon da nake kankarewa na ce, "Ai duk wanda ya samu."

Ta gyaɗa kai kamar dama abin da take jira kenan. Ta zauna a bakin gadon da babu katifa.

"Ruwan ta ƙarƙashin ƙofa ya fara shigowa, ina ta tare shi da tawul kamar mahaukaciya. Kafin in farga ƙofar ta ƙi buɗuwa. Na hau gadon nan na riƙe ƙarfen taga. Da ya kawo mini nan," ta nuna ƙirjinta, "na fara kira. Kin san wa na kira? Inna. Na san tana kabari, amma ita na kira, ina ta kira har mazan layi suka ji suka ɓalle ƙofar. Daga baya a Zahir na tambayi kaina me ya sa ban kira ki ba, ke da kike raye a saman dutsen nan. Sai na ga ban san ko za ki amsa ba."

Na ajiye abin kankarar. Hannuna duk farar ƙasa.

"Ba fushi nake yi ba," in ji ta. "Inna ta yi mini bayanin al'adar tun tuni. Amma ina tsoron in zo ɗakinki naƙuda ta kama ni, in miƙa hannu ki miƙa wa wata. Can ko ba komai za a riƙe ni." Ta shafa cikin. "Wannan kuwa, wallahi sai ya gaji da jin sunansa. Zan kira shi yana barci, in kira shi yana wanka, har maƙwabta su kawo ƙara."

Ta ɗan yi murmushi, ni ma na so in yi. Mota ta yi ƙaho a waje. Ta rufe akwatin, na kai hannu zan ɗaukar mata, sai ga mijin ya shigo ya ɗauka. Ta ce, "Sai an jima, Hajiya." Na ce, "A gaida mutanen gida."

Da yamma maigida yana shirin fita, yana jera tsinkayen tsire a tire, na zauna kusa da shi. Ban saba tambayarsa a kanta ba, shi ma ya san haka.

"Ranar nan, da ka sauka, yaya ka same su?"

"Na tarar an fito da ita. Na tallafe ta har masallaci, tana ta riƙe mini wuya."

"A gaban mutane?"

Ya kalle ni. "Ruwa har cinya, wa ya tsaya tuna ta fari ce? Bai ba ni lokaci ba."

Ya ɗauki tirensa ya fita. Ni ce na ba kaina lokaci, da kunun da na tsaya damawa. Na zauna ina kallon tsumman da na rufe tukunyar da shi har aka kira sallah. Na tuna mahaifiyata, na tambayi kaina da ita ce a rumfar nan, babu kaka, babu gwaggo, babu kowa sai baƙi, ɗanta yana karkarwa a gabanta, me za ta yi? Ban sani ba. Ta rasu ban taɓa ganinta a ƙasar da ba ta da kowa ba.

Washegari bayan asuba na ɗauko ɗayan bargon, wanda ya rage. Ban dama kunu ba, ban tsaya komai ba. Na sauka dutsen, na tari motar haya zuwa Zahir, bargon a cinyata, direban yana ta kallona ta madubi, don rana ta riga ta fara cizo.

Uwar mijin ce ta buɗe ƙofa. Falon a cike da mata, 'ya'yanta da surukanta, suna karyawa da gurasar tamis da dafaffen waken ful. Ta yi mini maraba, ta kalli bargon, ta ce cikin zolaya, "Ahlan, Hajiya. Yau wajen wa?"

Na ce, "Wajen 'yata na zo."

Muryata dama ba ta da ƙarfi. Ta kara hannu a kunne. "Na'am?"

Na maimaita. Ta matsa ta ba ni hanya.

'Yata tana zaune a kusurwa da kofin shayi, ta miƙe ƙafafu a kan matashi. Na ratsa matan, ina jin idanunsu a bayana kamar ranar masallaci. Na tsaya a gabanta na kira sunanta. Ya fito a karkace, kamar ƙafa a sabon takalmi, har wata yarinya ta toshe baki. Ita ba ta amsa ba, kallona kawai take yi. Na warware bargon na lulluɓa mata a kafaɗa da hannuna, na gyara shi ta wuya, na zauna a gefenta, kafaɗata tana taɓa tata. Na ce, "Wancan ma naki ne. Ke na kawo wa."

Ta sunkuyar da kai ta daɗe. Sannan ta ce, "Hajiya, zafi fa ake yi."

"Na sani."

Ba ta cire ba. Ta kama bakin bargon ta riƙe a hannu. Uwar mijin ta zuba mini shayi ta turo mini gurasa, matan suka koma hirarsu. Sai da na kusa shanye shayin ta yi magana, ba tare da ta kalle ni ba.

"Baba ya ce tankinku ya fashe. An gyara? Wankan nan naku an ce yana cin ruwa."

Na ce ba a gyara ba tukuna, amma yau za a ɗora wani. Da na fito ban nufi gida ba, na biya ta kasuwar Zahir wajen masu tankuna, na tsaya a rana har aka ɗaure shi a bayan mota, na shiga gaba na nuna wa direban hanyar Tandabawi.